Musayar Baitoci Kan Sunan Brigid

Malam Garba:
Ina da tambaya ga ma'abota ilimi, ku amsa mini da gaskiya,
Sunan Brigid da matan Ailan suke ɗauka, daga ina ya faro tafiya?

Hajiya Rabi:
Malam, a tsohon harshen mutanen Ailan ma'anarsa ita ce maɗaukakiya,
Kafin Kiristanci ya shiga tsibirin, sunan abar bautarsu ne a tatsuniya,
Ɗiyar Dagda, babban abin bautarsu, wadda mawaƙa da maƙera da masu magani suke roƙo ta ba su kariya.

Malam Garba:
Na gode Hajiya, sai dai Brigid ɗin da na fi jin labarinta ita ce ta Kiristoci, waliyyiya,
Wadda aka haifa wajajen 451, ta kafa gidan ibada a garin Kildare na Ailan domin tarbiyya.
An ce ta roƙi sarkin yankin Leinster fili gwargwadon mayafinta, ya amince yana dariya,
Da aka shimfiɗa mayafin sai ya dinga yaɗuwa, har sarkin ya sunkuyar da kai don kunya.

Isiyaku:
Baba Malam, ka yi mini izini in kawo babin da ya fi taɓa mini zuciya.
Bayan yunwar da ta fara a Ailan a 1845, 'yan mata suka hau jirgin ruwa suna gudun wuya,
Suka sauka New York da Boston, suna aikatau a gidajen masu dukiya.
Iyayen gida ba sa tambayar sunansu, Biddy, gajeren sunan Brigid, suke kiran su gaba ɗaya,
Jaridu kuma suna zana su da muni, suna mai da su abin dariya,
Har wasu suka koma amsa Delia, suka bar sunan kakanninsu a baya.
A ganina wannan cin fuska ne ga waɗanda guminsu ya riƙe dangi da lafiya.

Hajiya Rabi:
Ɗana, ka faɗi daidai, amma a can gida sunan bai taɓa ɓacewa daga hanya.
Ranar 1 ga Fabrairu suna saƙa gicciye da ciyawar fadama tana ɗanya,
Su rataye shi a saman ƙofa domin gobara ta bar gidan lafiya.
Daga 2023 kuma gwamnatin Ailan take ba da hutun ƙasa da sunan waliyyiya.

Malam Garba:
Hajiya, ranar nan ta dace da Imbolc, tsohon bikin ƙarewar hunturu, shi ya sa nake tambaya:
Shin abar bautar nan da waliyyiyar Kildare mata biyu ne, ko kuwa mace ɗaya?