An kama ƙanena kan wayar da ya saya, Litinin za a kai shi kotu

Yayar Samari:

Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin shari'a ku agaza min. A Kano muke. Ƙanena shekararsa 22, walda yake yi. Kwanakin baya ya sayi waya ta hannu wurin wani yaro da suke zama majalisa ɗaya, naira dubu 45, ba kwali ba rasit. Ran Alhamis 'yan sanda suka bi sawun wayar har shagon ubangidansa suka tafi da shi, ashe ta sata ce. Wanda ya sayar masa kuwa ko ƙurarsa ba a gani ba.

Yanzu an ce Litinin za a kai shi kotun majistare, wai ana tuhumarsa da haɗa baki da karɓar kayan sata. Wani maƙwabcinmu ya ce in an karanta masa kawai ya ce ya aikata, tara za a ci shi mu biya ya dawo gida, in ya musa sai ya kwana gidan yarin Kurmawa. Hajiyarmu ta kasa cin abinci, babanmu ya rasu, ni ce babba. Ya amsa ɗin ne? Kuma ni mace za a yarda in tsaya masa beli?

Lauya daga Gyaɗi-Gyaɗi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko, ki aika masa tun yau kada ya amsa abin da bai yi ba. Maƙwabcin naku da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma shawarar tasa tana da haɗari. Duk wanda aka karanta wa takardar tuhuma ya ce ya aikata, alƙali na iya yanke masa hukunci nan take ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Ko tarar aka ci shi, ya zama wanda kotu ta taɓa samu da laifi, kuma wannan tabon zai iya biyo shi ranar da zai nemi aikin soja ko ɗan sanda ko biza. Ba kuma dole ne a tsaya a tara ba. Sashe na 317 na Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka, wanda ya yi magana kan karɓar kayan sata, ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 14, ita kanta satar a sashe na 287 shekara 5 ce ƙarshenta. Mutane suna mamakin jin haka.

Amma ga inda sauƙi yake. Samun wayar a hannunsa kaɗai bai isa ba. Sai mai gabatar da ƙara ya nuna cewa ya karɓa yana sane ta sata ce, ko kuma akwai dalilin da ya isa ya sa shi ya gane hakan. Nauyin kawo hujja a kansu yake, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Haɗa baki kuwa, sashe na 97 na Final Kod, kusan kullum ana liƙa shi in ana zargin mutum fiye da ɗaya, sai sun nuna an ƙulla wani abu tsakaninsa da yaron.

Maganar beli, wannan laifi ne da majistare ke bayar da beli a kansa. Mace tana tsayawa, doka ba ta yarda a hana mutum don jinsinsa ba. In ba ku da halin ɗaukar lauya, ku je ofishin Legal Aid Council, gwamnatin tarayya ta kafa ta tun 1976 don sama wa marasa ƙarfi lauya kyauta.

Mai Gyaran Waya:

Anti, Allah ya fitar da shi. Mu da muke harkar waya kullum muna ganin irin wannan. Ki tambaye shi wace irin waya ce, domin alƙali zai duba kuɗin. In wayar dubu 60 ce ya saya 45, ciniki ne. In ta dubu 300 ce, za a ce ai ko yaro ya san da wata a ƙasa. Sannan ta yaya ya biya? In ta banki ya tura, ku ciro takardar bayanan asusunsa, sunan yaron zai fito. Ku kuma lallaɓa 'yan majalisar da aka yi cinikin a gabansu, ko mutum biyu ne.

Tsohon Magatakarda:

'Yata, na daɗe ina zama a gaban alƙalai, bari in gaya miki yadda ranar take don kada ki rikice. Ki je da wuri. Za a kira sunansa ya shiga akwati, a karanta masa takardar da 'yan sanda suka kawo, wadda ake kira FIR. Da Turanci ake rubuta ta, saboda haka in bai gane ba ya buɗe baki ya ce a fassara masa, haƙƙinsa ne kuma ba a biyan ko sisi. Yara da yawa gyaɗa kai kawai suke yi don tsoro, a rubuta sun fahimta. In ya musa, lauya zai nemi beli, alƙali ya faɗi sharuɗɗa, a sa ranar sauraron shaidu.

Kuɗin da za ki ji an ambata, misali beli a kan naira dubu 200, yawanci ba ajiye su ake yi ba. Alkawari ne kika sa wa hannu cewa in ya gudu ke za a bi. Ki tafi da katin shaidarki da hotuna da takardar wuta ko wani abin da ke nuna inda kike zaune, don sau da yawa sai an tura ma'aikaci ya ga gidan. Abin da ke kai yaro gidan gyaran hali a irin wannan shari'a galibi ba hana beli ba ne, rashin cika sharuɗɗa ne kafin a tashi aiki. Ki tanadi mutum na biyu, dattijo mai gida a unguwa, ko da za a ce biyu ake so.

Kada kuma ku raina sulhu. Mai wayar wayarsa yake nema. In ta koma hannunsa, wani babba ya je ya ba shi haƙuri, sau da yawa shi da kansa zai ce ya janye. Sai dai a kai maganar gaban alƙali a rubuta, kada a yi ta a bakin titi a watse.

Yayar Samari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ta POS ya cire kuɗin ya ba shi a hannu, amma mutum uku suna wurin. Barista, abu biyu suka rage. Tun Alhamis yake tsare, haka doka ta ce? Sannan yau na ji wai mai wayar ya ce da wuƙa aka ƙwace ta.

Lauya daga Gyaɗi-Gyaɗi:

Na farkon, sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma a cikin Kano ba a rasa kotu. Lauyanku zai iya tayar da wannan, ko ya nemi belin 'yan sanda kafin Litinin, wanda kyauta ne a doka.

Na biyun shi ne ya fi damuna. In aka rubuta fashi da makami a takardar, majistare ba shi da hurumin yin shari'ar. Zai tura shi ajiya gidan gyaran hali ne kawai, a kai fayil Ma'aikatar Shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati, beli kuma sai Babbar Kotu, abin da kan ɗauki watanni. To ki sami lauya gobe, kada ki jira Litinin, ya je ya ga abin da aka rubuta, ya kuma nemi a tambayi mai wayar ko ƙanenki ne ya tare shi. In ya ce ba shi ba ne, a sa wannan a cikin bayaninsa kafin fayil ya bar caji ofis.