Zaman 7 ga Janairu: wane faifan Rush za a sa?

Bello Ƙarami: Salamu alaikum. Kawu, an ce ni zan haɗa abin da za a saurara a zaman 7 ga Janairun 2026, cikar shekara shida da mutuwar Neil Peart, makaɗin ganguna kuma marubucin baitukan Rush, ƙungiyar kiɗan rock ta Kanada. Awa biyu gare mu, kuma akwai baƙi uku da ba su taɓa jin Rush ba. Da me za a buɗe, da me za a rufe?

Kawu Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Buɗe da gefen farko na Moving Pictures, na 1981: Tom Sawyer, Red Barchetta, YYZ, Limelight. Duka huɗun ba su kai minti 20 ba. Kada ka tarbi baƙo da 2112, waƙa ɗaya ce mai minti 20 da 'yan kai, kashi bakwai, kuma muryar mawaƙinsu Geddy Lee ta wancan zamanin tana da tsini sosai. Sai kunne ya saba tukuna.

Anti Rakiya: A rufe da The Garden. Ita ce waƙar ƙarshe a faifansu na ƙarshe, Clockwork Angels na 2012.

Nasiru Maraɗi: Ni da Working Man zan rufe. Da ita suka rufe wasansu na ƙarshe tare da Peart, 1 ga Agusta 2015, a Forum na Los Angeles.

Anti Rakiya: Nasiru, Working Man ta faifan farko ce, na 1974, lokacin John Rutsey ne a kan ganguna. Peart bai rubuta ta ba, bai kaɗa ta a ɗakin ɗauka ba. Zaman tunawa da shi za a yi.

Nasiru Maraɗi: Haka ne Anti. Amma bayan ita ne ya sauko daga wurin gangunansa ya zo gaban dandamali ya tsaya tare da Geddy Lee da mai jita Alex Lifeson, abin da ba ya yi a da.

Musa Mai Ganga: A sa Afterimage a tsakiya, daga Grace Under Pressure na 1984. Peart ya rubuta ta ne kan mutuwar Robbie Whelan, ma'aikacin ɗakin ɗaukar sauti na Le Studio da ya mutu a hatsarin mota. Babu waƙarsu da ta fi dacewa da ranar. Bayanta Losing It, amma ta faifan R40 Live, wadda Ben Mink ya goga goge a Toronto. Tun 1982 waƙar take, ba su taɓa yin ta a gaban jama'a ba sai a rangadin R40 na 2015.

Bello Ƙarami: Na gode Yaya Musa. To Vapor Trails fa? Akwai CD ɗinsa a nan.

Injiniya Habu: Duba bayan kwalin, wace shekara? In na 2002 ne kada ka sa shi a lasifika mai ƙarfi. An cika masa ƙara tun wajen ɗauka da haɗawa har saman sautin ya yanke, shi ya sa farantan tagulla suke fita kamar ana yaga takarda, jita da bes kuma su cakuɗe wuri guda. Minti goma kunne ya gaji. Su kansu ba su gamsu da shi ba, shi ya sa David Bottrill ya sake haɗa shi aka fitar a 2013 da sunan Vapor Trails Remixed. Shi za ka nema. Gwada farkon One Little Victory a duka biyun, nan take za ka ji bambancin bugun ƙafa biyun nan.

Kawu Ɗanlami: Kuma ka gaya wa baƙin abin da ke bayan faifan kafin ka sa. 'Yarsa Selena ta mutu a hatsarin mota a Agustan 1997 tana da shekara 19, bayan wata goma matarsa Jackie ta bi ta, cutar daji. Ya ajiye sanduna ya hau babur, ya yi tafiyar mil 55,000, daga Quebec har Alaska har Belize. Vapor Trails ne faifan dawowarsa. Wanda bai san wannan ba zai ji hayaniya kawai.

Baban Walida: Ku yi haƙuri zan ɗan kauce, amma abin ya shafi zaman, don na ji ana maganar a yi karo-karo a sayi wani abu nasa a ajiye. Don Allah a dakata. An riga an cuci wani ɗan zauren nan a intanet, kuɗinsa sun tafi, ba na so a maimaita.

Ga yadda ake yi. Akwai sandunan kiɗa samfurin 747 na Pro-Mark, na itacen oak na Japan, masu ɗauke da sunansa. Kaya ne na shago, kowa na iya saye, sa hannun da ke jiki kuma inji ne ya buga shi a masana'anta. Kamfanin bai yi laifin komai ba. 'Yan damfara ne ke sayen sababbi, su daddaki gefen ganga da su har jikin ya farfashe, su shafa musu datti, sannan su ce ai waɗanda ya kaɗa ne a wasa kaza, su ninka kuɗin sau da yawa. Takardar shaida da suke haɗowa da ita su ne suka buga abarsu.

Na biyu, sa hannu a kwalin faifai. Kowa a nan ya san Peart ba ya zuwa gaisawa da masoya kafin wasa, Geddy da Alex Lifeson ne ke zuwa. Limelight ma a kan wannan halin nasa take. Don haka kwali mai sa hannun mutum biyu abu ne da ake samu, mai uku kuwa yana da wuya, kuma tun 2020 sai ga su sun cika kasuwa. Wasu ma kwalin mai sa hannu biyu na gaskiya suke samu su ƙara na ukun da kansu. Abin da za ku duba: a nemi hoto na kusa, a hasken rana, a karkace. Tawadar alƙalami tana hawa kan ƙyallin kwali, tana da wurin da ta yi kauri da wurin da ta yi siriri. Wadda aka buga da inji shafe take, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. In hannun ya yi rawa ko ya tsaya a tsakiyar harafi, kwaikwayo ake yi a hankali. In mai sayarwa yana da irin kayan guda biyar ko goma, a bar shi. In ya ce a biya ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi, a bar shi. Kuɗin nan da za a tara, a sayi faifan Moving Pictures na cikar shekara 40, wanda ya fito a 2022, akwai cikakken wasan Toronto na 1981 a ciki. Shi kowa zai amfana.

Anti Rakiya: Allah ya saka da alheri Baban Walida. Na janye maganar karo-karon sandunan.

Ɗan Garwa: In abin tunawa ake so, a sayi littafinsa The Masked Rider, na 1996. Tafiyar keke ce da ya yi ta kusan wata guda a nan Kamaru a 1988, shi da 'yan mutane kaɗan. Ciwon ciki, shingayen jami'an tsaro, zafi, duk ya rubuta, har da inda haƙurinsa ya ƙare. Wani wurin zai ɓata maka rai, amma bai ɓoye halinsa ba.

Nasiru Maraɗi: Ashe shi ya sa hular nan tasa take kama da ta mutanenku.

Ɗan Garwa: Ta fi taka zama a kai dai, Nasiru.

Bello Ƙarami: Kawu, ya ce zai kawo garmahonsa da ya taho da shi daga Amurka, mu sa faifan roba a maimakon CD.

Injiniya Habu: Tsaya Bello. Wa ya ce? Kuma an taɓa kunna shi a nan? A duba ƙarfen bayansa. In an rubuta 120V 60Hz kawai, akwai matsala biyu. Ta farko kowa ya sani, sai da taransifoma mai sauke wuta, in ba haka ba ya ƙone. Ta biyun ita ake mantawa: taransifoma ƙarfin wuta yake saukewa, ba ya canza bugunta. Wutarmu 50 ce, tasu 60. In motar garmahon irin mai bin bugun wuta ce, wadda bel ke ja, to maimakon juyi 33 da sulusi a minti zai riƙa yin wajen 28. Waƙa za ta sauka kusan rabin murya uku, 2112 mai minti 20 da rabi ta koma kusan minti 25.

Gwajin ba wuya. Manna 'yar takarda a gefen farantin, ka kunna, ka ƙirga juyi na minti uku cif. In lafiya yake za ka sami 100. In ka sami 83 ko kusa, ga ciwon nan. Maganinsa a canza ƙaramin gargaren da ke kan motar a sa na 50, ko a nemo garmaho mai motar DC ko mai kulle gudu da quartz, waɗannan ba ruwansu da bugun wuta. Kuma kada a sa shi a ƙaramin janareta. Da an kunna firji gudun injin ya faɗi, sai ka ji dogon sautin kibod yana lilo. Inbata mai tsabtar wuta ita ce daidai.

Musa Mai Ganga: A kan Subdivisions za a fi gane lilon nan, tun daga farkonta.

Baban Walida: Ga hunturu kuma. Ƙura da bushewar iska suna sa faifai ya riƙa tsotsar datti, sai ƙas-ƙas. A share da burushin kabon kafin kowane gefe. In wanki ne, kashi huɗu tataccen ruwa, kashi ɗaya isopropyl, da tsumma mai laushi, a bi da'irar layin, kada a ratsa, kada a jiƙa takardar tsakiya. A kula, wasu masu shago in ka ce ruwan batir mai asid za su miƙo maka. Wannan haɗin kuma kada ya taɓa tsofaffin faifan garmaho masu juyi 78 na gidan kakanni, yana cinye su. A jera faifai a tsaye, kada a bar shi cikin mota a rana, lanƙwashewa yake yi.

Sani Tudun Wada: Ni tambayata daban. Da zuciya ɗaya za ku kalli wannan rangadin na 2026? Sun sha faɗa cewa babu Rush in babu shi. Sai kuma a Oktoban 2025 Geddy Lee da Alex Lifeson suka fito da sanarwar za su yi rangadi da sunan Rush, Anika Nilles a kan ganguna. Ni a wurina an rufe littafi tun 2015.

Anti Rakiya: Matar da ya aura daga baya, Carrie, da 'yarsu Olivia sun fito sun goyi bayan abin. In iyalinsa sun yarda, mu su wa?

Sani Tudun Wada: Anti, ba izini nake magana ba. Shi ne ke rubuta baitukan tun Fly by Night na 1975. Ba makaɗi kawai aka rasa ba.

Musa Mai Ganga: Malam Sani, baitukan suna nan, ba sababbi aka ce za a rubuta ba. Maganar ganguna kuwa, Anika Nilles ba 'yar koyo ba ce. Bajamushiya ce, ta yi rangadi da Jeff Beck a 2022, kuma ƙidaya mai wutsiya, biyar-biyar da bakwai-bakwai, ita ce sana'arta. Abin da zan saurara a hannunta guda biyu ne. Tsakiyar Tom Sawyer, inda aka koma bugu bakwai: ana ƙirga shi biyu, biyu, uku, kuma yawancin masu kwaikwayo suna gaggawa a ukun ƙarshe sai jita ta rasa wurin sauka. Sai farkon YYZ, wanda harufan filin jirgin Toronto ne da saƙon Morse, bugu goma. Wahalar Peart ba sauri ba ce. Yana tsara kowane juyi kamar baiti, ya maimaita shi daidai kowane dare, jama'a kuma sun haddace. In ta canza ɗaya, dubban mutane masu kaɗa iska da hannu za su sani.

Kawu Ɗanlami: Shi kansa bai ɗauki kiɗansa a matsayin abin da ya kammala ba. Yana da shekara arba'in da 'yan kai, duniya na kiransa gwani, ya koma ɗalibi wurin malamin ganguna Freddie Gruber, har ya canza riƙon sanda a Test for Echo na 1996. A bar yarinyar nan ta kaɗa mu ji.

Sani Tudun Wada: Kawu, na ji, amma ban sauka ba. Su kira shi Lee da Lifeson mana. Led Zeppelin da makaɗin gangunansu John Bonham ya mutu a 1980 ai tsayawa suka yi.

Nasiru Maraɗi: Suka kuma dawo a 2007 da ɗansa Jason a kan ganguna.

Sani Tudun Wada: Dare ɗaya, Nasiru. Ba rangadi ba.

Ɗan Garwa: Duk wanda ke shakkar ko jama'a na da haƙƙi a waƙoƙin nan ya kalli bidiyon wasansu Rush in Rio. Filin wasan Maracanã a Rio, Nuwamban 2002, mutum 40,000 suna rera YYZ da baki, waƙar da ba ta da kalma ko ɗaya.

Injiniya Habu: Na kallo ne wannan, ba na saurare ba. Kayan sun iso a makare daga São Paulo, ba a yi gwajin sauti ba, kuma muryar jama'a ta danne ganguna a wurare da yawa. Mai son jin kiɗan hannunsa shi kaɗai da tsabta ya ɗauki YYZ ta Exit... Stage Left, faifan wasansu na 1981.

Musa Mai Ganga: Amma O Baterista, kiɗan da ya yi shi kaɗai a Rio, ya fi cika, akwai gangunan lantarki da ɓangaren jazz na ƙarshe. Na 1981 saurayi ne mai ƙarfi, na 2002 ya san inda zai yi shiru.

Injiniya Habu: Wannan gaskiya ne. Bello, har yanzu ban ga hoton ƙarfen bayan garmahon ba. Ka ɗauko har da kan allurar, in ga lambarta. Nauyin da allurar za ta danna faifai da shi kuma a auna da sikeli, kada a ɗora mata kwabo.