Bincike kan masu riƙon yara a Ingila: shawarwarin da aka bayar

Yawancin waɗanda sukayi magana kan yadda ake gudanar da irin wannan bincike korafinsu ɗaya ne, wai masu bincike kullum matan da suka iya Turanci sosai suke nema, a manta da mazan gidan, a manta da kakanni da gwaggonni masu riƙon 'ya'yan dangi alhali dokar yara ta 1989 ta shafesu suma. Sukace a kawo tafinta, a daina turo dogon fom ta imel, aje har gida bayan an kai yara makaranta. Wata tace a biya kuɗin mota dana lokacin mutum, kuma gaskiyarta. Su yaran a ji ta bakinsu ba a gaban ma'aikacin jin daɗin jama'a ba, in an gama a dawo a faɗa musu abinda aka gano.