Hazo da baƙin zare na yawo a idona idan na juya shi, amma an ce ba komai

Baban Hauwa:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masu ilimin ido. Shekarata 53, ina sa gilashin ganin nesa tun ina saurayi, lambarsa -5.00 a kowane ido. Yau kwana tara ke nan idon dama yake nuna mini wani abu kamar saƙar gizo-gizo, da wani ɗan zobe mai duhu-duhu. In na juya ido sai su biyo, in na tsaya sai su ɗan zarce sannan su dawo a hankali, kamar dusa a kan ruwa. Akwai kuma hazo da ke giftawa ya rufe rubutu na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai ya janye. Ya fi fitowa idan na kalli farin bango ko sama da hantsi. Babu ciwo, idon bai yi ja ba. An gwada ni a shagon gilashi, na karanta allo har layin ƙasa, aka ce ba komai. To in ba komai, wannan ɗin mene ne? Akwai maganin ɗigawa da ke wanke shi?

Sista Ladi:

Wa alaikumus salam, Baban Hauwa, Allah ya ƙara sauƙi. Yadda ka kwatanta motsin nan, su zarce su dawo, shi ya nuna inda abin yake. Ba a saman ido yake ba, shi ya sa wanki da ɗigawa ba sa kai masa.

Cikin ƙwayar ido, bayan madubin ido na halitta da ke tattara haske, cike yake da wani abu mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, likitoci na ce masa bitiriyos. Kusan mililita 4 ne, kashi 99 cikin ɗari ruwa, sauran siraran zare ne da ke riƙe shi. Yana manne da retina, wato tantanin da ke shimfiɗe a bangon bayan ido wanda shi ke ɗaukar hoto. Da shekaru sai yauƙin ya fara tsinkewa, wani wuri ya zama ruwa zalla, zaren su dunƙule. Abin da kake gani inuwarsu ce a kan retina. Haske mai ƙarfi yana tsuke ƙofar baƙin ido, inuwar ta ƙara fitowa sarai, dalilin farin bango da sama ke nan.

Wata rana kuma sai yauƙin gaba ɗaya ya saki bangon baya ya zubo gaba. Wannan ya fi yawa bayan shekara 50, kuma yana riga zuwa ga masu gilashin nesa mai ƙarfi irin naka, don ƙwayar idonsu ta fi tsawo, haka ma wanda aka yi wa aikin yanar ido. Zoben da kake gani mai yiwuwa shi ne gurbin da yauƙin ya ɓalle daga kan jijiyar gani. Hazon kuma bayan yauƙin ne ke lilo yana gifta tsakiyar gani.

Ga akasarin mutane abin a nan yake tsayawa, cikin wata uku zuwa shida ya lafa, ƙwaƙwalwa ta daina kula shi. Amma karanta allo ba ya isa a ce maka ba komai.

Dakta Mai Fitila:

Bayanin Sista daidai ne, kuma jimlarta ta ƙarshe ita ce kan maganar. Allo tsakiyar retina kawai yake gwadawa. Matsalar kuwa can gefe take faruwa, inda yauƙin ya fi mannewa da ƙarfi. Lokacin da yake saki, idan ya ja wurin da ya ƙi rabuwa, sai ya yaga retina. Cikin mutum goma da suka zo da irin wannan sabon yawo-yawo farat ɗaya, ana samun kamar ɗaya, wani lokaci fiye, da yagewa, alhali yana karanta layin ƙasa lafiya ƙalau. Idan aka bar yagar, ruwa yana bi ta ramin ya shiga bayan retina ya ɗaga ta daga bango, kamar yadda damshi ke ɗaga fenti. Retina ba ta jin zafi, saboda haka rashin ciwo ba shaida ba ne.

Malam, abin da za ka nema shi ne a buɗa ido da magani a duba bayansa har gefe. Ka faɗa da bakinka, kada ka ce kawai "gwajin ido", a sake kai ka gaban allo. Za a fara auna gani da matsin ido, a leƙa a tabbatar kusurwar gaban idon, wato inda ruwan cikin ido ke fita, ba matsattsiya ba ce, sannan a ɗiga maganin buɗawa, yawanci wanda aka rubuta Tropicamide 1% a kwalbarsa, wani lokaci haɗe da Phenylephrine 2.5%. Yana ɗan yaji. Sai a jira minti 20 zuwa 30, kuma idon baƙar fata ya kan ɗan jinkirta, har a ƙara ɗigo na biyu. Daga nan ka ɗora haɓa a na'ura, likita ya duba ko akwai wani gari-gari ruwan ƙasa, kamar garin taba, yana yawo bayan madubin idon. Ganin wannan kaɗai kusan shaida ce cewa akwai yaga a wani wuri. Sai ya ɗaura fitila a goshi, ya riƙe madubin hannu, ya ce kalli sama, ƙasa, hagu, dama, yana ɗan danna fatar ido da wani ɗan ƙarfe don gefen ya bayyana. Ba daɗi, amma minti kaɗan ne. Idan jini ya rufe bai ga komai ba, sai a yi sikanin ido.

Ka tafi da wanda zai dawo da kai, da baƙin gilashi. Awa huɗu zuwa shida gani zai yi dishi-dishi, rana za ta dame ka, ba tuƙin mota ko mashin.

Ko an ce lafiya, ka koma bayan sati huɗu zuwa shida, don yauƙin bai gama saki ba, yaga na iya zuwa daga baya. Ɗaya idon ma ya kan biyo sahu.

Malam Gwaji:

Ni zan ƙara ne kan hazon, don ba kowane hazo ne daga yauƙin nan ba, kuma mutum zai iya rarrabewa da kansa kafin ya isa asibiti. Rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka kalli farar takarda, sannan ka canza.

Idan hazon ya washe da zarar ka ƙifta sau biyu ko uku, bushewar saman ido ce, wadda ke yawa da hunturu da kuma ga masu daɗewa kan waya. Ita ce kaɗai a cikinsu da hawayen kwalba, wato ɗigon jiƙa ido, ke taimaka wa. Idan hazon yana nan daram, ba ya lilo, fitilar mota na watsuwa da dare, a fi zargin yanar ido. Wanda kuma ke zuwa kamar zigizag mai ƙyalli, a ido biyu lokaci guda, ya yi minti 20 ko 30 ya tafi, ko da ciwon kai ko babu, wannan daga ƙwaƙwalwa yake, ɗan'uwan ciwon ɓarin kai ne. Ƙananan ɗigon haske da ke tsere idan an ƙura wa shuɗin sama ido kuwa fararen ƙwayoyin jini ne a jijiyoyin retina, kowa na da su.

Sai wanda ya fi damuna a wajenmu: jini. Idan aka ga ɗigo-ɗigo ɗari kamar an watsa barkono, ko wani jan hayaƙi da ya fi kauri da safe bayan an kwanta, jini ne ya zuba cikin yauƙin. Mai ciwon suga na shekaru da mai hawan jini su kula. Masu sikila ma haka, kuma abin mamaki, mai jinin SC, wanda jikinsa bai cika ciwo ba, ya fi mai SS haɗarin toho na sababbin jijiyoyi a gefen retina, su ne ke fashewa. Da yawa ba su ma san suna da SC ba. A matashi kuma, yawo-yawo da hazo a ido biyu ya kan zama kumburin cikin ido, sai an bincika tarin fuka da wasu cututtuka a jini.

Baban Hauwa, kana da suga? Kuma kana ganin walƙiya?

Baban Hauwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ba ni da suga, an gwada da azumin da ya wuce, jinina AA ne. Hazon ba ya tafiya da ƙiftawa. Walƙiya kuwa akwai, a gefen dama, kamar an ƙyasta ashana, musamman in na juya kai cikin duhu. Na ɗauka gajiya ce. Wani a kemis ya ba ni maganin ɗigawa, an rubuta Dexamethasone a jiki. In fara?

Dakta Mai Fitila:

Kada ka fara, Malam. Sitiroyid ne, wato maganin kumburi, ba ya taɓa zaren nan ko kaɗan, kuma in an ɗauki makonni ana ɗiga shi yana ɗaga matsin ido ga wasu, masu gilashin nesa mai ƙarfi na cikin waɗanda ya fi kamawa, ga shi yana jawo yanar ido. Kwalli, zuma da ruwan ganye ma iyakarsu saman ido.

Walƙiyar nan yauƙin ne ke jan retina, ita kuma ba ta da yadda za ta amsa sai da haske. Da lambar -5.00, sabon zobe da walƙiya, gobe da safe ya kamata a gan ka, ba sati mai zuwa ba. Ka nemi inda ke da likitan ido da na'urar leza, wato haske mai ƙarfi da ake like yagar da shi: sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa da kai, ko irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano. Ka gaya wa masu karɓar kati kalmomin nan uku, sabon yawo-yawo, walƙiya, gilashin nesa, don kada a ba ka rana mai nisa.

Idan an samu yaga, ana kewaye ta da layi biyu ko uku na leza, kana zaune, an kashe zafin da ɗigo, minti 10 zuwa 20 ka tafi gida. Tabon ne ke like wurin, kuma yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya yi ƙwari, don haka a huta da ɗaukar kaya masu nauyi a wannan tsakanin. Lezar ba ta cire zaren da kake gani, kada ka yi zaton aikin bai yi ba. Idan kuwa ka ga inuwa kamar labule tana tasowa daga gefe ko daga ƙasa, retina ta fara ɗagowa, wannan sai asibiti a ranar, ko da dare ne. A yi aiki kafin labulen ya kai tsakiya da bayan ya kai, sakamakon ba ɗaya ba ne.

Sista Ladi:

In Allah ya sa an duba babu yaga, saura haƙuri da zaren. Idan ya tsaya kan rubutu, ka kalli sama da ƙasa da sauri sau biyu, ya kan kauce fiye da in ka juya hagu da dama. Rage hasken waya, ko ka mai da bangonta baƙi, ka sa baƙin gilashi a rana. Ana iya kwashe yauƙin da tiyata, amma ga mai shekara sama da 50 yawanci yanar ido na biyo baya cikin 'yan shekaru, ga haɗarin ɗagowar retina, shi ya sa ba a yi sai ga wanda abin ya hana aiki bayan watanni da yawa. Kowace safiya dai ka rufe hagu ka duba gefunan dama, ka rufe dama ka duba hagu, don ido mai lafiya ya kan rufa wa ɗan'uwansa asiri har labulen ya yi nisa.