Imunoloji: ilimin rigakafi ko ilimin garkuwar jiki?

Mai tambaya: Jama'a, a taimaka da shawara. Ina rubutu ne kan James Allison, Ba'amurken da ya yi digirin digirgir a Jami'ar Texas da ke Austin a 1973, aka karrama shi da kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2018 tare da Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto. Fanninsa shi ne imunoloji. Na ga ana rubuta "ilimin rigakafi", ni dai bai kwanta mini ba.

Wata malama: Malam, rigakafi ai kowa ya san shi, daga ɗigon shan-inna har allurar ƙyanda. Me zai sa ka wahalar da mai karatu?

Mai tambaya: Hajiya, rigakafi kafin cuta ta zo ake yin sa. Shi kuwa Allison, wanda sankara ta riga ta kama ya nema wa mafita. Ƙwayoyin T, wato wasu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, suna ɗauke da wani furotin, CTLA-4, mai hana su wuce gona da iri. Da ya toshe shi a jikin ɓeraye, sai ƙwayoyin suka far wa ƙarin sankarar da ke jikinsu. Daga nan aka samo ipilimumab, maganin da Amurka ta amince da shi a 2011 don sankarar fata. Ina rigakafi a nan? Na fi karkata ga "ilimin garkuwar jiki", tunda kunnen mutane ya saba da "cuta mai karya garkuwar jiki".

Wani ma'aikacin jinya: Ranka ya daɗe, garkuwa tarewa kawai take yi, ƙwayoyin T kuwa kisa suke. Mu a asibiti "sojojin jiki" muke ce wa majinyata, kuma nan take suke ganewa.

Mai tambaya: Wannan gaskiya ne, amma "masanin sojojin jiki" sai a zaci kanar ne. A bar kowace da gurbinta: tsarin gaba ɗaya garkuwar jiki, ƙwayoyin sojojin jiki, fannin ilimin garkuwar jiki, mai fannin masanin garkuwar jiki.

Wata malama: Na sallama. Shi maganin fa? Turawa "cire birki" suke cewa.

Mai tambaya: Ni "kwance dabaibayi" zan rubuta. Dabbar da aka kwance takan shiga gonar mai ita, haka ma wannan magani yakan sa sojojin su taɓa hanji ko fatar majinyacin kansa. Birki bai faɗi wannan ba.