Haɗa ruwan sinadari don taitireshan: a ina lissafi ke kuɓucewa?

Malamin Kimiyya:
Salamu alaikum. Masu haɗa wa ɗalibai sinadaran taitireshan (gwajin gano ƙarfin ruwan sinadari ta hanyar ɗiga masa wani da aka san ƙarfinsa) na WAEC da NECO, ku taimaka mana da wuraren da ake yawan tafka kuskure. Bari in fara da NaOH, wato sodium hydroxide. Nauyin mol ɗaya (mol ma'aunin yawan sinadari ne) giram 40 ne (Na 23 + O 16 + H 1). Idan 0.1 M (wato mol 0.1 a kowace lita) ake so a mililita 250, sai a ce 0.1 × 0.25 × 40, giram 1.0 ke nan. A mayar da mililita zuwa lita tukuna, in ba haka ba amsa ta ninku sau dubu.

Mai Kula da Lab:
Wa alaikumus salam, Malam. Lissafin daidai ne, amma NaOH ba ya jira. Yana zuƙar danshi da iskar CO2 tun yana kan sikeli, don haka giram 1.0 ɗin da aka auna ba zalla ba ne. A auna da sauri, a rufe kwalba, daga baya a tabbatar da ƙarfinsa da asid ɗin da aka san nasa ƙarfin. Kuma yana ɗumama ruwa idan ya narke. A narkar da shi a kofin gilashi, a bari ya huce, a juye cikin kwalbar awo mai dogon wuya, a ɗauraye kofin a zuba, sannan a cika zuwa layi. Ba a zuba gari a kan mililita 250 na ruwa, jimillar ce za ta kai 250.

Malama:
Malamai, a riƙa karanta takardar jikin kwalba. Na2CO3 (sodium carbonate) busasshe nauyin mol ɗinsa giram 106 ne, amma mai ruwa goma, Na2CO3·10H2O, 286 ne. Wanda ya auna giram 10.6 na mai ruwan don lita ɗaya, kusan 0.037 M zai samu maimakon 0.1 M, sai karatun ɗalibai duka ya karkace a rasa dalili.

Mai Kula da Lab:
Haka ne, Malama. Sai asid ɗin HCl (hydrochloric acid) mai ƙarfi: kashi 37 cikin ɗari, nauyin mililita ɗaya giram 1.19, wato kusan 12 M. Da C1V1 = C2V2 (C ƙarfi, V yawan ruwa, kafin sirkawa da bayanta), mililita 8.3 ake buƙata don lita ɗaya ta 0.1 M. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, kada a zuba ruwa cikin asid. Kwalbar da ta daɗe a buɗe kuwa ƙarfinta ya ragu, a gwada ta da Na2CO3 busasshe kafin ranar jarrabawa.