Ya ake ƙirga mutanen ƙauye, da ƙofar gida ko da tukunya?

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nike nema wajen waɗanda sunka san aikin ga. Ni ɗan wani ƙauye ne cikin ƙaramar hukumar Augie, ƙasar Argungu, bakin fadama muke, shinkafa da gero da ɗan su muke yi. Ƙungiyarmu ta matasan gari muna son rubuta takardar neman burtsatse da kuma a gyara mana ɗakin shan magani da ya lalace tun ambaliyar 2020, to duk inda munka kai maganar tambaya guda ce, ku nawa ne garin, gida nawa ne. Nan fa ake tsayawa, don mai gari na da lissafi nai, liman na da nashi, mu matasa kowa da abin da yake faɗi kuma babu biyu da sunka zo ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne maganar gida. Misali gidanmu ƙofa guda ce zaure guda, amma ciki akwai sashen baba da matansa biyu, da sashen yayyena biyu da sunka yi aure, ɗaya har yanzu gandu yake da baba ɗaya kuma ya ware yana noma tashi, ga kakarmu da ɗakinta, ga gwaggona da aurenta ya mutu ta dawo da yaranta. Wannan gida ɗaya za mu rubuta ko nawa? Sannan samarinmu da yawa da an gama girbi sai Legas da Ibadan da Abuja cin rani, wasu su bi ruwa zuwa Yawuri, ga almajiranmu da ke gabas, ga rugar Fulani bayan gari da rijiya guda muke sha da su. Su wa za mu sa su wa za mu bari? Ba mu son mu kai ma hukuma ƙarya kuma ba mu son mu cuci kanmu.

Malamar Asibiti BK:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka da wannan tunani. Ni na yi aikin rigakafin shan inna gida gida kuma na yi rabon gidan sauro, to abin da zan ce maka shi ne ka ƙirga duka biyu amma tukunya ita ce asalin lissafinka. Ƙa'idar da masu bincike ke bi ita ce mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, kuma sun yarda da mutum ɗaya a matsayin mai ciyar da su, su ne iyali ɗaya. Gidanku yadda ka faɗa, baba da matansa da yayanka mai gandu idan rumbu ɗaya ake ɗiba ana girki bi da bi to tukunya ɗaya ce ko da ɗakuna goma ne, shi wanda ya ware ya zama ta biyu, kaka da gwaggo kuma sai ka duba daga ina akushinsu ke fitowa da dare. Ka ba ƙofar lamba da alli jikin zaure, sai kowace tukunya ta samu shafinta ƙarƙashin wannan lambar.

Amma abin da nike son ka riƙe da kyau, kar ku tsaya zaure ku tambayi maigida ku wuce. Wallahi sau da yawa maigida zai lissafo maka maza tsaf ya mance jaririyar da anka haifa watan jiya, ko ɗan riƙo, ko agolan da amarya ta zo da shi, ba don mugunta ba, shi dai ba ya cikin lissafin kwanukan tuwo. Wadda ke raba tuwo ita ta san adadin bakin da ke gidan. Don haka dole ku samu mata biyu ko uku cikin tafiyar, ungozoma ko malamar Islamiyya da matan garin sunka saba da ita, su shiga ciki ɗaki ɗaki.

Kuma kar a ce ma mace 'ya'yanki nawa. Da yawa ba su son ƙirga ɗiya da baki, tsoron kambun baka, wata ta ce maka na Allah ne kawai ta yi shiru, ga alkunyar ɗan fari, za ta tsallake shi ta fara daga na biyu kai kuma ka rubuta haka nan. Mu yadda muke yi sai mu ce wa da wa ke kwana ɗakin ga, a kira sunaye ɗaya ɗaya, ɗan fari kuma a tambayi kishiya ko kaka. Shekaru ma kar ka matsa sai an ba ka lamba, ka tambaya an haife shi kafin ambaliya ko bayanta, ya yi kaye ko bai yi ba, an yaye shi ko yana nono. Ka ware 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki a layi daban don su ne hujjarka ta ɗakin shan magani. Mu wajen tsara aiki ana ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 5 kamar kashi 20 cikin 100 na jama'a, in naka lissafin ya fito ƙasa da haka sosai to an ɓoye maka yara, ka koma. Gidan sauro ma ɗaya ga mutum biyu ake lissafawa, ka ga duk wanda anka tsallake shi ya yi asara.

Tsohon Hedimasta:

Ɗana, malama ta gama magana kan tukunya, ni zan ƙara kan waɗanda ba su nan. Ina cikin malaman makaranta da sunka yi aikin ƙidayar watan Maris 2006, kuma ita ce ta ƙarshe da anka yi ƙasar ga, wadda anka shirya yi 2023 an ɗage ta. Lokacin Najeriya ta fito miliyan 140 da 'yan kai, jihar Kabi miliyan 3 da dubu ɗari biyu da wani abu. Abin da anka fitar ma jama'a ya tsaya ga jiha da ƙaramar hukuma, shi ya sa ba za ka samu adadin ƙauyenku a rubuce ba ko ka je sakatariya. Kuma jama'ar da ke ƙaruwa da wajen kashi 3 cikin 100 duk shekara tana ninkawa cikin shekara 23 ko kusa da haka, to ko da akwai tsohon adadi yau bai yi maka amfani.

Ƙa'idar ƙidayar gwamnati ita ce wanda anka gani da ido shi ake rubutawa, inda anka iske shi, a shafa mai tawada ga yatsa don kar a maimaita. Watan Maris kuwa tsakiyar rani ne, 'yan cin rani duk suna kudu, ka ga ƙauyukanmu da yawa an ƙirga su ba samarinsu. Kai ba dole ka bi wannan ba tunda ba ƙidayar ƙasa kake ba. Ka yi layi biyu, mazauna da kuma waɗanda ke tafiya su dawo da damina, ka rubuta ma hukuma duka biyun a fili. Wanda ya kwashe iyali nai ya koma Birnin Kabi ko Sakkwato sai sallah yake zuwa, wannan ɗan gari ne amma ba mai shan ruwan garin ba ne, kar ka sa shi.

Sannan ka yi haƙuri da tsofaffi in sun yi maka rowar magana. Mu mun ga zamanin haraji da jangali, lokacin duk namiji baligi da anka rubuta kuɗi ne kan uban shi, har ɓoye samari ake yi cikin rumbu in masu rubutu sun iso. Yanzu kuma abin ya juye, tun da anka fara rubuta sunaye don bashin noman shinkafa da anka ƙaddamar Birnin Kabi 2015 da sauran tallafi, da an ga biro da littafi sai kowa ya ƙaro. Tun farko a sa liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa ba haraji ba ne kuma ba rabon kuɗi ba ne, ruwa ake nema. Kuma kar ku ƙara ko mutum ɗaya, ranar da injiniya ya zo ya ga ƙofofin ba su kai abin da kunka rubuta ba ya daina yarda da sauran takardar.

Bakabe a Ikko:

Baba hedimasta Allah ya ƙara girma, amma ni maganar a ware mu layi daban ta ɗan sosa min rai gaskiya. Ina Legas wata shida ko bakwai amma matata da yarana suna gida, hatsina na cikin rumbun baba, kuɗin taki da na maganin tsohuwa daga nan nike turawa, ko gudummawar da za a ce gari ya haɗa kafin a haƙa burtsatsen mu za a bugo ma waya. In an rubuta tukunyata ba ni ciki sai ta fito kamar gidan da ba namiji. Ni dai a rubuta ni kan iyalina a sa alama gefe cewa yana tafiya, shi ke nan. Kuma Ɗan Fadama ka lura da kyau za ka ga gandu na ta watsewa, da sai uba ya rasu ake rabuwa, yanzu yaro da ya yi aure ya samu mashin sai ya ce a yanka mai gona, tukwane na ƙaruwa gonakin na ƙanƙancewa, wannan ma abin rubutawa ne.

'Yar Gusau:

Ni daga Zamfara nike, abu biyu kawai. Na farko in akwai waɗanda sunka gudo daga garuruwansu saboda 'yan bindiga suna zaune gidajen dangi ko kangon makaranta ku sa su, da layinsu, don ruwa ɗaya za ku sha kuma galibi mata ne da yara da tukunyarsu daban, su ne anka fi mancewa. Fulanin ruga ma haka, ku bi ta hannun arɗo kar ku faɗa musu kai tsaye, kuma kar a tambayi shanu. Na biyu don girman Allah littafin nan kar ya yi yawo, kar a ɗauki hoto nai a watsa WhatsApp, kar a rubuta wa ke da dabbobi ko wa ke da ɗa mai turo kuɗi. Mu nan mun san abin da irin wannan bayani ke jawowa in ya faɗa hannun da bai dace ba. Jimla kawai za ku kai ma hukuma, sunaye su tsaya wajen mai gari.

Ɗan Fadama:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Yaya na Ikko maganarka ta shiga, za mu rubuta ku kan iyalanku da alama gefe, wajen jimla sai mu fitar da biyun yadda baba ya ce, ina ga hakan bai saɓa ma kowa ba. Na yi magana da ungozomar garinmu ta yarda za ta shiga gidaje da ƙanwata, sanarwa kuma sai Juma'a in Allah ya kai mu. Saura abu guda malama, almajiran da ke makarantar allo ta garinmu waɗanda anka kawo daga wajen Kangiwa da tsallaken Nijar, kwana suke zauren malam amma abinci gida gida suke samu, tukunyar wa za mu sa su?

Malamar Asibiti BK:

Ka buɗe musu shafi nasu da sunan makarantar, kar ka raba su gidajen da suke bara don za a ƙirga yaro ɗaya sau uku. Ka je da dare bayan an tashi karatu lokacin duk suna nan, malam ya kira su kana rubutawa. Naku da ke gabas kuma alamar tafiya za ka sa musu kamar 'yan cin rani.